Kala Ba Ta Kisa, In Ji Masu Jan Harshe

Ku matso kusa, 'yan ƙungiyar "ai ba komai". Na san ku, na san manyanku. Ga Malam Mun-Daɗe-Muna-Sha can ya harɗe a tabarma, ga Hajiya Kowa-Ma-Yana-Yi tana gyara mayafi, ga Alhaji Tsoratarwar-Turawa-Ce ya turo hula gaban goshi tun ba a ce komai ba. Maganar kala za mu yi yau: wadda ake zubawa a ciki, da wadda ake shafawa a fata, da wadda ake rina tufafi da ita. Na ga kun fara taɓe baki. Ku taɓe, ai bakin naku ne shaidata ta farko. Duk wanda ya sha zoɓon leda a bikin jiya ya leƙa madubi ya zaro harshe. Zoɓon kirki jansa mai duhu ne, da an kurkure baki ya tafi. Wannan ja mai ƙyalli da ya kama harshe da leɓe har da yatsun da suka riƙe ledar, ba a gonar kowa ya tsiro ba. Zoɓo ya yi tsada, mai haɗawa ta tsinka shi da ruwa har ya koɗe, sai ta nemo mai rufa mata asiri a cikin ƙullin leda.

Bari in yi adalci tun da wuri, kada a ce da gaba na zo. Kalar abinci ta gaskiya, wadda ke cikin kwalba da sunanta da lambar NAFDAC da ranar lalacewarta, in an ɗiga ta daidai gwargwado, ba guba ba ce. Rigimata da ƙullin nan ce da ake jerawa a tebur cikin kasuwa, ja da kore da ruwan ɗorawa, babu suna, babu ranar haihuwa balle ta mutuwa. Ka tambayi mai tebur, "Malam, wannan ta mece ce?" Sai ya ce, "Ta komai ce, Alhaji." To, a nan gizo ke saƙar. Garin da ake rina shadda da shi da wanda ake sa wa kek, ido ba ya raba su. Sai ɗakin gwaji, kuma cikinka ba ɗakin gwaji ba ne, kai ne dai ka ba da shi aro.

Kun ma san asalin dangin nan? A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana fafutukar haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, da sinadaran da ake tatsowa daga kwalta. Magani bai haɗu ba, sai wani baƙin dagwalo a gindin kwalba, wanda da ya zo wankewa ya ba shi launin shunayya. Daga nan ƙofar kalar kanti ta buɗe, kuma yau galibinsu daga ɗanyen man fetur ake samo su. Wannan a kansa ba aibu ba ne, magunguna da yawa ma daga can suka fito. Amma ya isa ya sa mai hankali ya tambaya: wacce aka tace don ciki, wacce aka yi don takalmi?

Don kuwa akwai ta takalmin, kuma ta riga ta shiga miya. Wani jan rini ne da ake kira Sudan IV, ba ruwansa da ƙasar Sudan, aikinsa rina man goge takalmi da kyandir da man inji. A mai yake narkewa, shi ya sa 'yan algus suka ƙulla abota da shi: a samu manja mara kyau ko wanda aka sirka, a barbaɗa masa, ya fito jawur, uwargida ta ɗaga kwalba ta ce, "Yauwa, wannan shi ne na asali." A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta ɗebo manja daga manyan kasuwannin Accra ta gwada, kusan duka ta samu rinin nan a ciki. NAFDAC ma ta sha jan kunne a kan irin wannan algus a kasuwanninmu. A Ingila kuwa, a 2005, ɗan'uwansa Sudan I ya ɓulla a garin barkonon da aka haɗa wata miyar kwalba da shi, sai da aka kwashe abinci sama da iri 500 daga kantuna. An hana dangin nan shiga abinci ne saboda gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna suna iya haddasa ciwon daji. Su can sun kwashe kaya, mu nan mun ƙara wa mai manja kuɗi don jan ya burge mu.

Na ji ka, Malam. "Shekara nawa muna ci, wa ya mutu?" Ai irin wannan ba ta kisa a gaban shaidu. A 1895 wani likitan tiyata a Frankfurt ta Jamus, Ludwig Rehn, ya lura ma'aikatan masana'antar rini suna zo masa da ciwon daji a mafitsara. Ba ranar da mutum ya kama aiki ciwon ke fitowa ba, shekaru yake ɗauka, goma, ashirin, wani ma sai ya ajiye aikin. Daga baya aka gano sinadaran da ke ɓarnar, irin su benzidin, har a 2002 Tarayyar Turai ta hana sayar da tufafi da fatun da aka rina da kalolin da ke sakin su a jikin mutum. Ko sawa a jiki ba su yarda ba, kai kuma kana miƙa kofi a ƙara maka. In ciwo ya taso bayan shekara ashirin, wa zai tuna da zoɓon bikin wance? Sai a ce sammu ne, a fara hararar kishiya. Baiwar Allah tana zaman zamanta, ƙullin leda ya ja mata zargi.

Kalolin da aka halatta ɗin ma ba a daina sa musu ido ba. A 2007 masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila suka ba yara lemo mai haɗin wasu kaloli, suka ga rawar kai da rashin natsuwa sun ƙaru a wasu daga cikinsu. Tun 2010 duk abincin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin kaloli shida da aka gwada, sai an rubuta gargaɗi a jikinsa kafin a sayar a Tarayyar Turai. Ban ce duk ƙiriniyar autanka daga alawa take ba, Malam. Wata gado ce, ka tambayi Inna ta ba ka labarin kanka. Amurka kuwa sai a Janairun 2025 ta soke wata jar kala mai suna Red 3 daga abinci, alhali tun 1990 ta hana sa ta a kayan kwalliya. Shekara 35 an haramta wa leɓe an halatta wa ciki. Ka gani, Alhaji, ashe su ma suna da reshen ƙungiyarku a can.

Yanzu ke, amarya, da ke da ƙawayenki da kuka baje hannuwa ana zana muku baƙin fulawa har gwiwar hannu. Lallen da kakarki ta sani ganye ne. A daka, a tankaɗe, a kwaɓa da lemun tsami, a ƙunsa a ƙafa a kwana da shi, ko a zura hannu cikin zunguru a wuni ana jira. Ja yake bayarwa, in ya kama sosai ya yi duhu. Lalle bai taɓa yin baƙi wuluk cikin rabin awa ba. Mai wannan aikin gaggawa dayis ne, rinin gashi, mai ɗauke da sinadarin PPD. A Turai ko a rinin gashi ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba, zana shi a fata kuwa an hana ƙwata-ƙwata. Mu kuma sai a kwaɓa shi da kauri a shimfiɗa a hannun yarinya, har a ce a ƙara don ya fito a hoto.

"Ai na sha yi, bai taɓa yi mini komai ba," in ji Hajiya. Haka ne, kuma nan ne wayonsa yake. Jiki kamar maigadi yake: ranar farko yakan bar baƙo ya wuce, amma ya riƙe fuskarsa. Wata rana, a karo na uku ko na goma, sai ya tare ƙofa. Bayan kwana ɗaya ko biyu hannu ya kama ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi bororo daidai inda zanen ya bi, fulawa da ganyenta babu kuskure. In ya warke ya bar tabo, wata fari wata baƙi, a shafe watanni ana kallon zanen da aka biya kuɗin sati biyu. Kuma da jiki ya ƙi PPD, ya ƙi shi ke nan har abada, rinin gashi ma ya zama abin gudu. In aka haɗiye shi kuwa, abin ya wuce wasa. A Khartum, tsakanin 1984 da 1989, an kwantar da yara 31 saboda gubar haɗin lalle da wannan rini. Fuska da wuya da harshe suke kumbura har numfashi ya toshe, kuma 13 daga cikinsu ba su tashi ba. Wannan shi ne garin da ake bari a murfin kwano a tsakar gida ranar ƙunshi, yara na rarrafe a gefe.

Alhaji, daina dariya, na ga gemun nan. Shekara sittin babu furfura ko ƙwaya ɗaya, ikon Allah! Ba zan tona ba. In dai ba za ka bari ba, ka shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ka jira kwana biyu kafin ka shafe fuska da shi. Gara a gan ka da furfura a ɗaurin aure da a gan ka da haɓa ta kumbura kana cewa rina ce ta harbe ka.

Sai mu leƙa wurin marina. Wanda bai taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano ba, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, ya je ya ga aiki. Rami ne mai zurfi, a cika shi da ruwa, a zuba baba da toka da katsi, a yi ta motsawa ana barinsa ya ruɓa har kumfa ta taso. Marini ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, sai ka gan shi kore-kore, kana tsaye iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, kowane tsomi da ƙarin duhunsa. In ruwan ya mutu, a kwashe dagwalon gindin ramin a cura a shanya a ƙona, ya koma katsi ya sake shiga wani rinin, ko a yi laso da shi a shafe rami da rufin soro. Kusan babu abin zubarwa. Da wannan sana'a Baturen matafiyi Heinrich Barth ya tarar da Kano a 1851 tana tura baƙaƙen tufafi har Tambutu da Tarabulus, da ita kuma Kura ta yi suna da turkuɗin da Buzayen Agadas ke naɗawa, shunin na zuba a fatarsu suna alfahari.

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shuni na kanti kasuwa, daga nan baba ya fara ja da baya a duniya. Yau rinin da ya fi yawa a lungunanmu a rabin duro ake yin sa a kan wuta: ruwan zafi, garin kala, soda mai cin hannu, da wani farin gari mai warin farar wuta. Aikin makonni ya koma na awa ɗaya, launi kuma sai wanda ka zaɓa. Madalla. To ina ruwan yake zuwa? Ba duk kalar ke kama yadi ba, mai yawa a ruwan take zama, a kife duron a kwata. Haka masu rinin galila ke yi a Bamako, ruwan ya gangara Kogin Neja. Haka ake yi a Kano, inda ruwan unguwanni ke bin rafin Jakara, na masana'antun Bompai ya biyo rafin Getsi su haɗu su nufi madatsar Wasai, na Sharaɗa da Challawa kuma, har da na masana'antun jima masu amfani da sinadarin kuromiyam, ya faɗa Kogin Challawa. Ruwa mai launi yana tare hasken rana, sinadaran suna cinye iskar da kifi ke shaƙa.

"Ni ba marini ba ne, ina ruwana?" Ruwanka kuwa, Malam, har da ganye. A gefen Jakara ɗin nan ake noman rani da wannan ruwa: latas da kabeji da alayyafo da karas. Kai ne fa kake cewa a ƙara maka salak a kan shinkafa don likita ya ce ka ci ganye. Abin da aka zubar a bayan gidan wani da safe, da yamma yana iya dawowa a farantinka da man gyaɗa da ƙuli. Shi kuma baba marini, da hannunsa ya tsattsage da soda, ba a ce ya bar sana'a ba. Safar hannu ta roba, da takunkumi lokacin auna gari, da ramin da ruwan zai kwanta nesa da rijiya kafin a sake shi, ba su kai kuɗin shadda ɗaya ba. Duron rini kuma in ya yi ritaya kada ya koma na tara ruwan sha.

Na ga wasu can gefe suna gyaɗa kai suna murmushi, 'yan "na gargajiya duk lafiya ne". Ku ma ku zo, ban manta da ku ba. Kwallin dutsen nan da ake rambaɗa wa jariri ranar suna don ido ya yi kyau, dalma ce a cikinsa. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka suka samu gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, dalmar cikinsa ta haura kashi 80 cikin 100. Ita ce gubar da ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, wanda ya tsira kuma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kurkum ma da kuke yabo, a Bangaladash an kama masu sarrafa shi suna goga masa rawayar kala mai dalma don ya yi kyau a kasuwa, sai da hukuma ta tashi tsaye a 2019 abin ya lafa. Lalle na ganye ɗin ma bai dace da jariri ba: akwai yaran da ake haifa da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, abin ya yawaita a 'ya'ya maza a yankinmu, lalle yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini su kamu da shawara. Tsufan abu ba shi ne lafiyarsa ba. Tunku ma ai tsohon ɗan daji ne, ba a sa shi a aljihu.

To me za a yi, a zauna babu launi? Haba, uwargida, shiga kicin ɗinki ki duba. Ki dafa zoɓo da ruwa kaɗan har ya yi kauri, ki raba shi kofi biyu. Ki matsa lemun tsami a ɗaya, ki ga jan ya buɗe ya yi haske. Ki ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, ki ga ya dushe ya koma baƙi-baƙi mai sirkin shuɗi. Daga nan kin san dokarsa: yana son tsami, ba ya shiri da kanwa. Shi ya sa ya fi kyau a sukarin shafe kek da ƙanƙarar yara da yogot, ba a cikin ƙullin da aka sa wa hodar tashi ba, don a can toka-toka zai koma. Rawaya kuwa, ɗan kurkum a bakin cokali ya isa tukunyar shinkafa, kuma ki sayi saiwarsa ki daka da kanki. Ruwan karas yana ba da ruwan lemo, zogale ko alayyafo da aka niƙa aka tace suna ba da kore. Ga karan dafi: matan zango a Accra da Kumasi da shi da 'yar kanwa suke dafa shinkafa da waken nan da duk Ghana ke layi a kansa, waakye, jansa mai duhu ba daga leda ya fito ba. Da karan dafin nan ne kuma dukawa suka rina jar fatar akuyar Sakkwato, wadda ta ƙetare Sahara aka sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko.

Mai son rina 'yar riga ko ɗankwali a gida, ya nemi farin auduga, don yadin roba ba ya shan irin wannan. A wanke sitacin, a jiƙa a ruwan alif ɗin nan da ake sa wa ruwa ya kwanta, sannan a tafasa da ɓawon albasa a samu rawaya mai duhu, ko da dakakken goro a samu ruwan ƙasa. Bagaruwa da tsatsar ƙarfe kuwa baƙi suke bayarwa, tsohuwar dabarar masu aikin fata ce. Sharaɗi ɗaya: tukunyar rini daban, ta miya daban. Kuma ba zan yi muku daɗin baki ba, launin gida ba ya ihu, yana koɗewa a rana, yana son shanyar inuwa da haƙuri. Wanda yake son ankon da za a hango daga bakin titi, kanti zai koma, kuma ba zunubi ba ne. Ya dai wanke sabon yadi kafin ya sa.

Duk surutun nan abu uku nake roƙo. Kalar da ba ta da suna kada ta shiga ciki. Ta gashi da ta yadi kada su hau fata, balle ta yaro. Ruwan rini kuma a san inda za a zubar da shi. Na san akwai wanda zai miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Kai dai, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Gaskiya ne, Alhaji, babu mai ja. Sai dai na san shagonka: kwaɗo biyu a sama, ɗaya a ƙasa, ga maigadi da kulki. Ranar da ka bar shi a buɗe ka tafi gida ka kwanta a kan wannan magana taka, ka aiko a kira ni. Ni zan saya mana zoɓon ledar, in sha nawa a gabanka.